Lambun Gwaggo Balki

Badarawa, Kaduna.
Farkon Oktoba.

Zuwa ga Yayata Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata afuwa. Maigidana Lawal yana gaishe ku, 'yarmu Ummi kuma ta ce a faɗa wa Inna ta shiga aji biyu.

Na san kina fushi da ni. Lawal ya ce kin yi ta kira har kin ce masa ya hana ki jin muryar ƙanwarki. Kada ki ɗora masa laifi, Yaya, ni ce ba na iya riƙe waya. Da na kara ta a kunne sai in ji kamar hannun mutumin nan ne ke riƙe da ita, yana tsaye a kaina yana cewa in ɗaga murya in yi kuka don ku ji. Shi ya sa na nemi takarda da biro. Malam Jibrin direba zai kawo miki Funtuwa. Ki karanta ke kaɗai. Inna kuwa ki ce mata ina lafiya.

Amma ke ba zan ɓoye miki ba. Jikina ya warke, tafin ƙafata da ƙaya ta farfasa ya haɗe, har masu zuwa jaje suna cewa na murmure. Sai dai tun da aka karɓo mu daga dajin nan ban taka ƙofar gida ba in ba asibiti za ni ba. Aikin kemis ɗin ma na ajiye. Babur in ya shigo lungunmu, kafin in san abin da nake yi na tsinci kaina a bayan ƙofa. In maƙwabta suka hura icce, ƙaurin hayaƙin sai ya mayar da ni dajin. Mangwaron tsakar gidanmu da kika sani, wanda ni da bakina na roƙi mai gidan haya kada ya sare shi, yanzu ko wanki ba na iya yi a ƙarƙashinsa. Ganye na motsi sai in ga mutum. Haka nake wuni a ɗaki, labule a sake, talabijin na ta surutu ba kallonsa nake ba.

An yi mini addu'o'i, na sha rubutu, Allah ya saka wa malamai. Daga baya Lawal ya kai ni wurin wata likita, saboda faɗuwar gaban ta kai ina jin kamar raina zai fita. Ta auna ni ta ce zuciyata lafiya lau. Ta zaunar da ni ta koya mini wani abu: in tsoron ya taso kada in yi kokawa da shi, in zauna, in ja numfashi a hankali in sake shi a hankali, sannan in faɗa wa kaina abin da idona ke gani, da abin da kunnena ke ji, da abin da ƙafata ke takawa a daidai lokacin. Na tambaye ta ko zan iya haɗawa da zikiri, ta ce ai ya fi. Wannan na gwada, yana ɗan taimako. Amma ta ƙara da abin da ya hana ni sukuni. Wai ɗaki ba zai warkar da ni ba, sai na riƙa fita wurin itatuwa da ruwa, kaɗan-kaɗan, tare da wanda na yarda da shi. Yaya, wanda ya yi wata biyu yana kwana a gindin itace, a ce masa ya koma wurin itace?

Lawal ya je ya faɗa wa Gwaggo Balki. Ba ki san ta ba, tsohuwa ce 'yar Zamfara da ke haya a gidan da ke kallon namu, tana sayar da alayyafo da latas. Tana da ɗan lambu a bakin kogi, can bayan Malali. Jiya ta shigo ba ko doguwar gaisuwa, ta yaye labulena ta ce ruwan kogi ya fara ja, in shirya, ranar Asabar za mu je share wuri. Na ce to don kunyarta. Tun jiyan abinci ya ƙi shiga.

Ki yi mini addu'a. Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Mardiyya.

Badarawa, Kaduna.
Farkon Nuwamba.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Wasiƙarki ta same ni, da ƙuli-ƙulin, Ummi ta kusa cinye shi ita kaɗai. Na ji daɗi da kika ce Inna ta fara takawa har zaure.

Kin ce kada in je, wai wace irin likita ce za ta tura mai ciwo jeji. Wasiƙarki ta zo bayan na riga na je.

Ranar farko ba mu kai ba. Keke napep ya sauke mu inda kwalta ta ƙare, muka kama 'yar siririyar hanya a ƙafa. Gidaje suna raguwa, har muka zo inda hanyar ta ratsa ta tsakiyar gonakin dawa. Dawar ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, iska na kaɗa ta tana wannan ƙarar. Irin wurin da suka fara shiga da mu ke nan bayan sun sauke mu daga mota. Na durƙusa na yi amai, haƙorana suna haɗuwa da rana tsaka.

Gwaggo ba ta lallashe ni ba, ba ta kuma ja ni ba. Ta shimfiɗa buhunta a bakin hanya ta zauna, ta ɓare goro tana ci kamar jiran mota take. Sai da na ɗan dawo hayyacina ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. A gonarsu aka harbe mijinta tana kallo, shi ne ta gudo Kaduna. Ta ce, "Gindin ɗorawa aka kashe Malam, ɗiyata. Na yi shekara ko daddawa ban iya sawa a miya. Daga baya na lura ɗorawa ba ta san an yi ba. Mutane ne suka yi mana, ba icce ba." Daga nan ta naɗe buhunta muka juyo gida.

Asabar ta gaba na ratsa dawar, hannuna cikin nata, idona a kan dugaduganta. Sai ga kogi. Yaya, shekara nawa nake garin nan, ban taɓa ganinsa ba sai ta tagar mota a kan gada. Ruwan ya ja, duwatsu sun fito, balbelu sun jera a kai, can ƙasa masu haƙar yashi suna aikinsu. Na tsaya ina kallo, sai na lura na daɗe ban waiwaya baya ba.

Yanzu kusan kullum muna zuwa. Na iya yanka fangali da jan ruwa da bokiti, hannuna duk ya yi kanta. Gwaggo ba ta barin mutum ya yi tafiya kamar makaho. Kowane itace sai ta tambaye ni sunansa, in na kasa ta yi mini tsiya, wai 'yar ƙauye ta zo birni ta mance kanya da marke. Ta nuna mini yadda ake bambanta sawun gafiya da na damo a kan laka, da yadda ake riƙe sanda ana bugun ciyawa kafin a sa ƙafa. Ta nuna mini wata doguwar giginya da ake hangowa daga ko'ina, ta ce in na ɓace in neme ta, hanyar motocin yashi a gindinta take. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne tsuntsaye. Akwai wasu 'yan ƙanana masu saƙa sheƙa a ƙayar bakin ruwa. Ta ce muddin suna hayaniyarsu to babu kowa kusa, in mutum na zuwa za su watse gaba ɗaya tun kafin a gan shi. Na gwada na ga haka ne. Ashe jeji yana faɗa wa mutum abin da ke tafe, in ya yi shiru ya saurara. A can dajin da aka tsare mu ban ji komai ba sai bugun zuciyata.

Kada ki ɗauka na warke. Shekaranjiya ta sa ni hura wuta da kaina, da busasshiyar ciyawa da kara, muka gasa dankali. Hayaƙin na tashi na ji muryoyinsu sarai, har da dariyar wanda ke gadinmu. Na zauna a ƙasa ina jan numfashi ina cewa ga kogi, ga Gwaggo, ga laka a yatsuna, la'ilaha illallah. Ya wuce, amma dankalin ban iya ci ba. Barci ma har yanzu rabi da rabi ne. Kuma duk safiya in na ɗauki mayafi, sai wani abu ya ce mini yau ce ranar da ba za ki dawo ba.

Lawal ya ce in gaishe ki. Ki gaida Inna, ki ce mata na fara noma, ta yi dariya.

Taki,
Mardiyya.

Daga asibiti, Kaduna.
Ƙarshen Nuwamba.

Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan cinyata nake yi. Ni lafiyata ƙalau, kada gabanki ya faɗi. Gwaggo Balki ce a kwance. Maciji ya sare ta jiya Juma'a.

Mun makara a lambun saboda dashen latas. Mazan da ke aiki kusa da mu duk sun wanke ƙafa sun tafi masallaci, ya rage mu biyu. Gwaggo ta je ɗebo kara a wani tari da ya daɗe a jibge. Ita da ke yi mini faɗa a kan sanda, ranar ta bar tata a bakin ruwa. Na ji ta yi salati. Kafin in iso na ga abin yana sulalewa, ɗan gajere mai zane, yana wata ƙara kamar ana soya abu a mai. Kububuwa ce. A saman ƙafa ta same ta.

Ta zauna ta zaro reza daga lalitarta ta miƙo mini, ta ce in ɗaure ƙafar tamau in tsaga wurin. Na ce ba zan yi ba. A kemis na ga waɗanda aka yi wa haka, dafin wannan macijin hana jini tsayawa yake, in aka tsaga sai abin da Allah ya yi. Ta zage ni, Yaya, tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Na karɓe rezar na jefa a ruwa. Na jingina ta da buhu, na sa kara biyu a gefen ƙafar na naɗe da ɗankwalina sakwa-sakwa don kada ta motsa ta. Wayarta tana wurin mai caji a unguwa, ni kuwa kin san ba na riƙewa. Ƙafar ta fara kumbura muna kallo. Na ƙwala kira har maƙogwarona ya bushe, babu wanda ya amsa.

Ta dube ni ta ce, "Sai ke, Mardiyya. In ba ki iyawa, zauna nan ki riƙe mini hannu, ban ganin laifinki."

Na ɗauki sandarta na tafi. Hanyar da muka saba ta yi zagaye, sai na yanki cikin dawa don in faɗa hanyar motocin yashi. Ban yi nisa ba komai ya zama iri ɗaya. Gaba dawa, baya dawa, ganye na yankar fuskata. Na daina sanin inda nake. Wallahi na ɗauka can dajin nake, har ina jiran a daka mini tsawa a ce in yi sauri. Na faɗi a kan gwiwoyina, numfashi ya ƙi shiga. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Abin da na tuna shi ne na damƙi ƙasa da hannu biyu, na ji tana da ɗumi, na ce wannan ƙasa ce, wannan kara ne, wannan kukan kurciya ne. Da na yi shiru sai na jiyo ruwa ta bayana, na san ba shi zan nufa ba. Na miƙe na ɗaga kai, ga kan giginyar can ta hagu. Na bi ta.

Ina dab da fita hanya na ji ƙarar babur.

Yaya, ban tsayar da shi ba. Kwanciya na yi rub da ciki a tsakanin kunyoyin dawa, na toshe bakina. Ta tsakanin karare na hango shi, ya naɗe fuska da rawani sai ido, ga wani dogon abu ɗaure a bayansa. Ya zo ya gifta ni. Sai da ya wuce na ga ƙarshen abin yana walƙiya a rana, ashe shebur ne. Ko da na gani ɗin ma ban tashi ba. Fuskar Gwaggo ce ta faɗo mini, yadda ta ce ba ta ganin laifina. Na tashi na fito tsakiyar hanya ina ihu ina ɗaga sanda, kaina ba ɗankwali, kamar mahaukaciya.

Ya juyo. Yana matsowa ina ja da baya. Da ya sauke rawanin sai ga dattijo mai furfura, Malam Sama'ila sunansa, mai haƙar yashi ne yana sauri ya riski sallah. Bai tsaya dogon tambaya ba, ya ce in hau in nuna masa wurin.

Kin san yadda aka shiga da ni dajin nan, a kan babur, a tsakanin mutum biyu. Na rantse ba zan ƙara hawa ba har in mutu. Jiya na hau. Muka ɗora Gwaggo a tsakiya, ni a baya, hannu ɗaya na rungume ta, ɗaya na tallafe ƙafar. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi nishi. Ban rufe ido ba, don na san abin da zan gani in na rufe. Sunayen itatuwan da muke wucewa na yi ta faɗa mata a kunne, wannan marke, wannan ɓaure, wannan kanya, ita kuma tana cewa awo, awo, har muryarta ta fara dusashewa.

A bakin kwalta muka sami keke napep. Asibitin farko suka ce ba su da allurar dafin maciji. Kafin mu kai na biyu jini ya fara fita ta dasashinta. Nan aka samu, aka sa mata. Lawal ya rufe shago ya zo, ɗanta kuma yana hanya daga Rigasa. Likita ya ce da an tsaga wurin da labari ya sha bamban, amma bai ce ta tsira ba. Ya ce sai an ga yadda jinin zai yi. Ƙafar ta kumbura har cinya. Ina zaune a benci ina kallon ƙofa, duk ma'aikaciyar da ta fito sai in miƙe tsaye. Ina ta lissafin lokacin da na ɓata a kwance cikin dawar nan.

Ki sa Inna ta yi mata addu'a, ki ce mata maƙwabciyata ce ba lafiya.

Ƙanwarki,
Mardiyya.

Badarawa, Kaduna.
Janairu.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ki da Inna da yara, da fatan sanyin bana bai takura muku ba. Na gode da saƙon da kika aiko wa Gwaggo, ta sa miki albarka har da hawaye.

Allah ya tashi kafaɗarta. Ta daɗe a asibiti, an yanke mata ɗan naman da ya lalace, yanzu tana takawa da sanda. Na faɗa mata zancen kwanciyata a cikin dawa, don ya tsaya mini a rai. Ta ce ita ba ta ga kwanciya ba, dawowa ta gani.

Lambun bai mutu ba. Tun tana asibiti Lawal ke raka ni da sassafe kafin ya buɗe shago. Ya sai mana takalman roba dogaye. Daga baya na fara bin matan da ke zuwa sarin alayyafo, kuma in sun cika kwandunansu sun tafi nakan zauna ni kaɗai in gama ban-ruwa. Gabana yana faɗuwa har gobe. Babur in ya taso daga nesa sai na ajiye bokiti na zauna. Likita ta ce wataƙila abin ba zai tafi gaba ɗaya ba, na ce mata na gane haka da kaina.

Abin da ban zata ba shi ne Gwaggo. Tun da aka sallame ta ba ta tambayi lambun ba. In na kawo mata latas sai ta ce in kai kasuwa, ba ta ko duba shi. Igiyar shanya ta faɗo a tsakar gidansu, aka ji ta ƙwalla ƙara. Ɗanta ya ce ta bar wurin ta koma Rigasa wurinsa, ta ce to. Ranar da ya zo da wanda zai karɓi lambun, sai ta ce a dakata, ta aika Ummi ta kira ni. Na same ta a ɗaki ita kaɗai. Ta daɗe tana murza carbi kafin ta ce, "Ina son in gan shi ko sau guda kafin in ba da shi. Amma tsoro nake ji, ɗiyata. Ni Balki, tsoron ciyawa nake ji."

Jiya muka je. Dawa an girbe, fili ya buɗe har kogi. Tafiyar da muka saba yi kafin rana ta yi zafi ta ɗauke mu har hantsi, tana ɗingishi tana hutawa. A bakin lambun ta tsaya cak. Na shiga gaba ina bugun ciyawa, na share mata hanya har fangalin farko, na dawo na miƙa mata hannu. Tafinta sanyi ƙalau kamar ƙanƙara, nawa ma ba ɗumi gare shi ba. Haka muka shiga.

Ta tsuguna da ƙyar ta taɓa latas ɗin, ta juya ganye ɗaya ta duba bayansa. Da ta ɗago sai ta ce wa ya koya mini dasa latas a matse haka kamar masu jiran mota, gobe in zo da wuri mu rage shi. Da muka dawo ta aika wa ɗanta ya ba mutumin haƙuri.

Malam Jibrin zai ba ki ƙullin latas da albasa, shukar hannuna ce. Ki ɗebar wa Inna. Ki gaida maigidanki da yara, Lawal da Ummi suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mardiyya.